Gwanintar Masu Renon Makrofej

Akwai wani ɗan gwaji da ake nuna wa ɗalibi tun farkon shigarsa ɗakin binciken garkuwar jiki. Faranti ne na roba mai ƙananan ramuka 96. A layin sama an zuba ƙwayoyin makrofej da aka samo daga ɓera, a layin ƙasa kuma waɗanda aka samo daga jinin mutum. Dukansu an tsokane su da abu ɗaya: ɗan ɓawon bakteriya da ake kira LPS, da wani sinadarin faɗakarwa na jiki mai suna intaferon-gama. Sai a mayar da farantin cikin na'urar ɗumi ya kwana. Washegari a ɗebi ruwan da ke saman ƙwayoyin, a ɗiga masa sinadarin Griess, a dakata 'yan mintuna. Ruwan layin ɓera zai rine ya koma ruwan hoda mai kauri, ko daga bakin ƙofa ana hango shi. Na layin mutum kuwa da ƙyar zai sauya launi.

Launin nan shaida ne cewa an fitar da naitirik oksaid, ɗaya daga cikin gubar da makrofej ke kashe ƙwayar cuta da ita. Sabon shiga zai zaci ƙwayoyin mutum ɗin sun mutu, ko kuma ya manta bai zuba musu wani abu ba, ya koma ya sake daga farko. Wanda ya goge kuwa ko a jikinsa. Ya san makrofej ɗin ɓera na kwararo da wannan guba a faranti, na mutum kuma yana rowarta ƙwarai. Ya kuma san abin da ya fi haka: a 1996 an duba makrofej da aka wanko daga huhun masu tarin fuka aka tarar da furotin ɗin da ke haɗa gubar a cikinsu. Ke nan ba wai mutum ba ya iya yinta ba ne, faranti ne bai ba shi yanayin da zai yi ba. Irin wannan sani, na rarrabe abin da ke halin ƙwaya da abin da ke halin wurin da aka ajiye ta, shi ne gwanintar da ke burge ni a wajen masu wannan aiki, kuma ba kasafai ake yaba musu a kai ba.

Makrofej ƙwayar halitta ce da aikinta haɗiya. Tana zaune a hanta, a huhu, a saifa, a ƙwaƙwalwa, a ƙarƙashin fata, tana kwashe matattun ƙwayoyin jiki da duk wani baƙon abu da ya shigo. Wanda ya fara fahimtar muhimmancinta shi ne Ilya Mechnikov, ɗan Rasha, a garin Messina na Italiya a 1882. Ya soka ƙayar fure a jikin tsutsar tauraron teku, wadda jikinta garai-garai yake ana ganin ciki, da safe ya tarar wasu ƙwayoyi masu yawo sun yi wa ƙayar dafifi. A 1908 ya raba kyautar Nobel da Paul Ehrlich na Jamus. Yadda haɗiyar ke gudana kuwa, ƙwayar ce ke fara kama bakteriya da wasu mariƙai da ke fatarta, ta miƙo sassan jikinta ta lulluɓe ta, ta kulle ta cikin jaka, sannan ta haɗe jakar da wata mai ɗauke da asid da sinadaran narkarwa. A kowane mataki cikin waɗannan ƙwayar cuta na iya kuɓucewa, kuma a kowane mataki makrofej ɗin wannan ɗakin gwaji na iya bambanta da na wancan.

Ba a iya leƙa huhun mutum mai rai a zauna ana kallon yadda ake haɗiyar bakteriya. Dole a reni wakili a kwalba. Wakilan da aka fi amfani da su kuma kowanne da tarihinsa. THP-1 daga jinin wani yaro ɗan shekara ɗaya mai sankarar jini aka samo ta, a asibitin Jami'ar Tohoku da ke Sendai a Japan, Shigeru Tsuchiya da abokan aikinsa suka bayyana ta a 1980. U937 daga ruwan ƙirjin wani mutum mai shekara 37 mai ciwon daji, a Uppsala ta Suwidin, aka bayyana ta a 1976. RAW 264.7 ta ɓera ce, daga wani ƙari da ƙwayar bairas ta Abelson ta haddasa, William Raschke da abokansa suka bayyana ta a Amurka a 1978. J774 ma daga ƙarin ɓera take. Duka huɗun 'ya'yan ciwon daji ne, shi ya sa ba sa daina hayayyafa, shi ya sa kuma har yau ana aika jikokinsu a daskare daga wannan ƙasa zuwa waccan. Amfaninsu ke nan, matsalarsu ma ke nan, domin makrofej na gaskiya da ya balaga a jiki ba ya ta rabuwa dare da rana haka.

THP-1 ta isa a tsaya a kanta, saboda a nan hannun gwani ya fi bayyana. A yadda take a kwalba ba makrofej ba ce tukuna. Ƙanana ne, zagayayyu, suna shawagi cikin ruwan reno, sun fi kama da monosait, wato ƙwayar jinin da ke rikiɗa ta zama makrofej. Kafin ta yi aiki sai an tilasta mata balaga da wani sinadari mai suna PMA, wanda asalinsa daga man 'ya'yan itacen kuroton ne. Da an zuba shi, cikin kwana guda za ka ga sun daina yawo, sun sauka ƙasa sun manne, sun baje jiki, sun daina rabuwa. A ido komai ya yi daidai. To amma nawa aka zuba? Wasu ɗakunan gwaji na sa nanogiram 5 a kowace mililita, wasu 100, wasu sun haura haka. Wasu kwana ɗaya suke barinsa, wasu uku. Dukansu kuma a takarda za su rubuta cewa sun yi aiki da makrofej na THP-1, alhali ƙwayoyin da suka samu ba halinsu ɗaya ba. PMA kansa mai tsokana ne, yana tayar da ƙwayoyin gadon da ke kula da kumburi. Idan ka zuba bakteriya a kan ƙwayar da bai sake ta ba, ba za ka san martanin da ka gani na bakteriyar ne ko na sinadarinka ba.

A 2010 wasu masu bincike a Jami'ar Sheffield ta Ingila suka nuna cewa idan aka yi kwana uku da PMA, aka wanke shi tas, aka bar ƙwayoyin suka huta kwana biyar cikin ruwa mai tsabta, suna ƙara kusantar makrofej ɗin da aka reno daga jinin mutum: jakunkunan narkarwarsu na ƙaruwa, suna kuma ƙara juriya. Dabarar ba wata na'ura mai tsada ba ce, haƙuri ne na kwana biyar. Ni dai ina ganin nan ne ake gane wanda ya san aikin. Mai gaggawa ya ga sun manne ya ce sun nuna. Gwani yakan ɗora kwalbar a maikuroskof kowace safiya, ya dubi yadda gefunansu suka shimfiɗu, ya lura ko cikinsu ya fara yin ƙura-ƙura, ya dubi launin ruwan. Ruwan renon ja ne saboda wani rini da aka sa masa da gangan, idan ya fara komawa ruwan lemo zuwa rawaya to tsami ya taru, ƙwayoyin sun yi cunkoso ko kuma wani abu ya shiga. Ba ya bari THP-1 ta wuce kimanin miliyan ɗaya a mililita kafin ya rage ta. Na'urar ɗuminsa tana kan digiri 37 da iskar kabon kashi 5 cikin ɗari, kuma ba ya yarda da lambar da ke jikin allonta sai ya auna da kansa.

Wanda ba ya son 'ya'yan ciwon daji yana da wata hanya, sai dai ta fi wahala. Zai fitar da ƙashin cinya da na ƙwauri na ɓera, ya yanke bakinsu, ya tura ruwa da siririyar allura har ɓargon ya fito ƙashin ya yi fari, ya reni ƙwayoyin mako guda da sinadarin girma mai suna M-CSF. Ɓera ɗaya na ba da miliyoyi. Ko kuma ya karɓi jinin masu sa kai, ya kwantar da shi a hankali a kan wani ruwa mai nauyi, ya juya a na'ura, ya tsotse siririn farin layin da ya taru a tsakiya, ya tsamo monosait daga ciki, su ma ya rene su kwana shida zuwa bakwai. A nan ma zaɓin sinadari na sauya komai. Da M-CSF yawancinsu kan fito dogaye masu miƙewa, da GM-CSF kuma su fito zagayayyu masu faɗi, kuma martaninsu ga ƙwayar cuta ɗaya ya sha bamban. Ga kuma bambancin mutane: jinin wannan ya haɗiye da yawa, na wancan kaɗan. Shi ya sa ba a yarda da sakamakon da ya fito daga jinin mutum ɗaya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda gwanayen suka haddace naƙasar kowane wakili. RAW 264.7 ba ta yin wani furotin mai suna ASC, wanda shi ne mahaɗin na'urar cikin ƙwaya da ke sakin IL-1 beta, babban sinadarin zazzaɓi da kumburi. Duk wanda ya je neman wannan martani a RAW zai dawo hannu rabbana, ya kuma iya rubuta cewa bakteriyarsa ba ta tayar da kumburi, alhali ƙwayar da ya tambaya ce ba ta da abin amsawa. J774 tana da shi. Sannan RAW da J774 dukansu daga zuriyar ɓeraye ta BALB/c suka fito, ita kuwa wannan zuriya, tare da C57BL/6 da aka fi amfani da ita a duniya, tana da lalatacciyar ƙwayar gado ta Nramp1. A 1993 ƙungiyar Philippe Gros a Jami'ar McGill ta Kanada ta gano wannan ƙwayar gado. Aikinta shi ne zuƙe ƙarfe da manganis daga jakar da aka kulle bakteriya, a bar ta da yunwa. Idan babu ita, Salmonela da Lishmaniya da BCG suna hayayyafa cikin makrofej yadda suka ga dama. Mai nazarin dangin taifot da bai san wannan ba zai ɗauka bakteriyarsa ce mai ƙarfi, alhali ya kulle ta ne a jakar da ba a hana ta abinci. Ita kanta ƙwayar taifot ta mutum ba ta kama ɓera ta hanyar da ta saba, don haka 'yar'uwarta Taifimuriyum ake sa wa ɓera. Wakili a kan wakili ke nan, kuma sai an riƙa tuna haka a kowane layi na sakamako.

Naƙasar nan ba kullum take zama cikas ba. A hannun wanda ya santa takan zama makami, kuma labarin ƙanjamau ne ya fi nuna haka. An daɗe da lura cewa HIV-1 na shan wahalar kama wasu ƙwayoyin garkuwa na dangin makrofej, ita kuwa HIV-2, wadda aka fi samu a nan Afirka ta Yamma, tana shiga cikin sauƙi saboda wani furotin nata mai suna Vpx. An san Vpx na rusa wani mai gadi a cikin ƙwayar, amma ba a san ko wane ne ba. Masu aikin sun kuma lura da wani abu: THP-1 da aka balagar tana tare HIV-1, U937 da aka balagar da sinadari iri ɗaya kuwa a buɗe take. A 2011 ƙungiyar Monsef Benkirane a Montpellier ta Faransa ta kamo furotin ɗin da Vpx ke maƙalewa a cikin THP-1, SAMHD1, a daidai lokacin da wata ƙungiya a Amurka ita ma ta gano shi. Suka toshe shi a THP-1, bairas ya shiga. Suka dasa shi a U937, wadda dama ba ta yinsa, ƙofa ta rufe. Daga baya aka gane cewa yana lalata tubalan da bairas ɗin ke buƙata don kwafe kansa. Da a ce an ɗauki THP-1 da U937 a matsayin abu ɗaya tunda duk na mutum ne kuma duk dangin monosait ne, da bambancin ya wuce a matsayin kuskuren gwaji. Wani ne ya tsaya ya ce a'a, a nan akwai magana.

Tarin fuka kuwa shi ne cutar da ta fi gwada kowane wakili, domin bakteriyarsa cikin makrofej take zama. Tun 1971 Armstrong da Hart a Landan suka nuna da makrofej ɗin ɓera cewa tana hana jakar da aka kulle ta haɗuwa da jakar narkarwa. Jakar da ya kamata tsaminta ya sauka zuwa 5 ko ƙasa da haka a ma'aunin pH sai ta tsaya wajen 6.4. Wannan binciken ya tabbata a mutum. Amma kan yadda ake kashe bakteriyar, nan hanya ta rabu. Ɓeran da aka cire wa ƙwayar gadon naitirik oksaid tarin fuka na gamawa da shi da wuri, an nuna haka a 1997. A mutum kuwa, a 2006 ƙungiyar Robert Modlin a Los Angeles ta nuna cewa makrofej na amfani da bitamin D wajen kunna wani ɗan furotin mai kashe bakteriya, katelisidin. Makunnin da bitamin D ke dannawa a wannan ƙwayar gado yana jikin mutum da birai, babu shi a ɓera. Shekara nawa za a yi ana gwaji da RAW ba za a taɓa ganin wannan hanya ba. Wannan ba ya nufin aikin ɓera banza ne. Ba don shi ba da ba a san rabin abin da aka sani ba. Yana nufin tambaya ce ke zaɓar ƙwaya, ba ƙwayar da ta fi sauƙin samu ba ce ke zaɓar tambaya.

Akwai kuma wani gyara da ya girgiza fagen gaba ɗaya. Tun wajen 1968, bisa aikin Ralph van Furth, an ɗauka duk makrofej ɗin jiki daga monosait na jini suke fitowa, su kuma daga ɓargo. A 2010 Florent Ginhoux da abokansa suka nuna cewa na ƙwaƙwalwa tun ana ɗan tayi suke shiga, daga jakar gwaiduwa, su zauna suna sabunta kansu har tsufa. Na cikin jakunkunan iskar huhu ma an gano tun kafin haihuwa zuriyarsu ke kafuwa. Ke nan makrofej ɗin da aka reno daga ɓargo ko daga jini ba shi ne wanda bakteriyar tarin fuka ke fara faɗawa hannunsa ba. A 2018 ƙungiyar David Russell a Jami'ar Cornell ta nuna a huhun ɓera cewa bakteriyar ta fi walwala da saurin hayayyafa a cikin makrofej na jakar iska fiye da na cikin tsokar huhu. To a ɗauko na huhun kai tsaye mana? Ana yi. A Blantyre ta Malawi an daɗe ana wanko su daga huhun masu sa kai da bututu, ana ba su ƙananan duwatsu masu haske don a auna aikin jakarsu, an kuma ga yadda HIV ke raunana haɗiyar waɗanda ta kama. Sai dai ƙwayar da aka raba da gidanta ba ta daɗewa da halinta. A 2017 ƙungiyar Christopher Glass a San Diego ta nuna cewa makrofej ɗin ƙwaƙwalwar mutum na fara zubar da alamominsa na asali cikin sa'o'i kaɗan da saka shi a faranti. Saboda haka mai wannan aiki da agogo yake tsere, komai a shirye kafin samfurin ya iso. Sabuwar hanyar da ta biyo bayan aikin Shinya Yamanaka na 2006 da 2007, ta mayar da ƙwayar fata ko ta jini zuwa tushe sannan a rene ta ta zama makrofej, ta rage wani ɓangare na matsalar, amma tana cin makonni da kuɗi, kuma abin da take bayarwa ya fi kama da na ɗan tayi.

Ko an dace da ƙwaya, saura aunawa, kuma nan ma ana zamewa. A maikuroskof, bakteriyar da ta manne a bayan makrofej da wadda ke cikinsa kusan iri ɗaya suke. Gwani yana da dabaru. Yakan shirya faranti biyu, ɗaya a digiri 37, ɗaya a kan ƙanƙara a digiri 4. A sanyi ƙwayar na iya kamawa amma ba ta iya haɗiyewa, don haka duk abin da ya ƙirga a can na manne ne, sai ya cire shi daga lissafi. Idan bakteriyar mai ƙyalli ce, yakan zuba wani shuɗin rini da ba ya shiga ƙwaya mai rai, ya dushe hasken na waje, na ciki kaɗai su rage suna walƙiya. Akwai kuma rinin da ba ya haske sai ya shiga tsami, wanda ke shaida cewa jakar ta nuna. In kuwa kisa yake son aunawa, sai ya zuba maganin jentamaisin ya kashe na waje, ya fasa makrofej ɗin, ya shuka abin da ke ciki a faranti, washegari ya ƙirga ɗigon da suka tsiro. Amma ya san makrofej na kurɓar ruwan da ke kewaye da shi, idan maganin ya yi yawa ko ya daɗe zai shiga ciki ya yi kisan da za a jingina wa ƙwayar. Don haka bayan sa'a ta farko sai ya rage shi sosai. Hatta ruwan jinin da ake haɗawa da ruwan reno yana da magana: idan an ɗumama shi a digiri 56 na minti 30, kamar yadda aka saba, sinadaran kwamfuliment da ke shafe bakteriya don a ji daɗin kama ta sun lalace. Ɗakuna biyu na iya saɓawa a kan wannan kaɗai.

Kada a ɗauka 'ya'yan ciwon dajin nan koyaushe su ne na baya. Akwai inda babu kamarsu. Nutrofil, ɗaya mahaɗiyin da ya fi yawa a jini, ba ya jure ajiya, cikin sa'o'i da ɗibarsa ake aiki da shi. Amma masu gwada rigakafin nimoniya suna buƙatar su auna jinin dubban yara, su ga ko antibodin da allurar ta haifar na taimaka wa mahaɗiyi ya kashe bakteriya. Sai suka koma ga HL-60, wadda aka samo daga wata mata mai sankarar jini aka bayyana a Amurka a 1977. Ana balagar da ita kwana biyar ta yi kama da nutrofil, a haɗa ta da bakteriya da kwamfuliment na jaririn zomo da jinin yaron, a ga iya tsarmin da zai kashe rabin bakteriyar. Ba wanda ya ce HL-60 nutrofil ce ta gaskiya. Matsayinta na mudu ne a kasuwar hatsi: darajarsa ita ce kowa da shi yake awo, na yau ya yi daidai da na gobe da na jibi. A nan abin da ake tambaya jinin yaron ne, ba ƙwayar ba, don haka rashin sauyawarta ake nema. Haka aka yi da THP-1 a binciken zazzaɓin cizon sauro. Faith Osier da abokan aikinta sun ruwaito a 2014 cewa yaran gaɓar tekun Kenya da antibodinsu ya fi sa a haɗiye ƙwayar maleriya sun fi samun kariya daga zazzaɓin.

Shi ma daidaiton sai an tsare shi. Ƙwayar da ake ta rabawa daga kwalba zuwa kwalba tana sauyawa a hankali, shi ya sa ake rubuta lambar zagaye a jikin kowace kwalba, kuma an ba da shawarar kada a wuce zagaye 30 da RAW 264.7. A 2020 aka kwatanta THP-1 ta babbar ma'ajiyar Amurka da ta Jamus aka tarar sun yi nisa da juna a gadonsu, duk da suna ɗaya suke amsawa. Ga maikoplazma, ƙaramar bakteriya da ba ta gurɓata ruwa ba ta kuma bayyana a maikuroskof na yau da kullum, amma tana tsokanar makrofej dare da rana har martaninsa ya rikice. Mai kula yakan gwada kwalabensa a kai a kai, ya kuma ajiye kwafin farko cikin ruwan naitirojin a digiri 196 ƙasa da sifili don ya koma gare shi. Duk wanda ya san halin wutar lantarkinmu zai gane abin da ake nufi da riƙe na'urar ɗumi a digiri 37 mako bayan mako, ya kuma girmama masu yin hakan a jami'o'inmu. A 2014 gungun manyan masana fagen, Peter Murray na kan gaba, suka fitar da matsaya cewa a daina wadatuwa da laƙabin M1 da M2 da ake karkasa makrofej da su, kowa ya faɗi daga ina ƙwayarsa ta fito, da me ya rene ta, da me ya tsokane ta. Abin da gwanaye ke yi tuntuni ne aka mayar ƙa'ida.

Saura wani giɓi da ya shafe mu kai tsaye. Jinin da ake reno daga gare shi a manyan ɗakunan bincike galibi na mutanen da ba su taɓa yin maleriya ba ne. Ita kuwa ƙwayar maleriya, idan ta ci jan jini, tana barin wani baƙin tsaki mai suna himozoyin, wanda monosait ke haɗiyewa ya kasa narkarwa. A farkon shekarun 1990 masu bincike a Turin ta Italiya suka nuna cewa monosait ɗin da ya cika da shi aikinsa na raunana, har haɗiya ta gaba ta gagare shi. Tun kafin nan, a 1972, Brian Greenwood da abokan aikinsa a Zariya sun ruwaito cewa yara masu maleriya ba sa amsa wasu alluran rigakafi yadda ya kamata, a 1987 kuma aka nuna a Gambiya cewa shigar Salmonela cikin jinin yara na tafiya tare da maleriya. Monosait ɗin yaron da ya sha zazzaɓi sau da yawa a damina ɗaya, ga ƙarancin jini, wataƙila ga sikila, ba a sayar da irinsa a kowace ma'ajiya. Wanda zai yi nazarinsa dole ɗakin gwajinsa ya kasance kusa da asibitin da yaron ke kwance, ya raba jinin a ranar da aka ɗiba, ya kuma gudanar da THP-1 a gefe a faranti ɗaya don ya san bambancin da ya gani na yaron ne, ba na ranar ba.